Tuban Mai Gurguzu

A garinmu, can gabas da Gumel, idan aka ce gurguzu ba wanda yake tuna gwamnati. 'Ya'yan yakuwa ne, ƙanana masu duhu, waɗanda ake sussukewa bayan an cire zoɓo. Da su ake yin daddawar batso. A dafa su har su yi luguf, a rufe a tukunya su kwana biyu su ɗauki wari, a daka da ruwan toka, a dunƙula, a shanya. Tun ban isa ɗaga taɓarya ba nake ganin ana yi, kuma da aka kawo ni Kano ita ce sana'ar da na zo da ita, don ban iya kitso ba, ɗinkin hula kuwa ba ni da haƙurinsa.

Gidan haya muke zaune a Sharada, ɗakuna a jere, rijiya ɗaya, bayan gida ɗaya. Matan birni da ke gidan ba su raga mini ba. Duk ranar da na buɗe tukunya sai a hau kwashe shanya ana toshe hanci, wata ta ce mushe nake dafawa. Su daddawar kalwa suka sani, ko sunan abin da ke cikin tukunyar ba su taɓa ji ba sai a bakina. Ni ma dai ba kanwar lasa ba ce. Na ce duk wadda mijinta yake dawowa daga kamfanin fata da warin jima a rigarsa, ba ta da bakin yi wa tukunyata tsiya. Rabin mazan gidan kuwa a can suke aiki, har da nawa.

Maigidana yana sashen da ake jiƙa fata a wani kamfani a Challawa. Dogo ne, marar magana, hannayensa duk sun yi fari sun tsattsage saboda ruwan magani. In dai yana gida, to a sahun farko za a same shi, daidai bayan liman. 'Ya'yanmu biyu a lokacin, mace da ta fara wayo da namiji a goye.

Gurguzu ba ya samuwa sosai a kasuwannin Kano, in ma an samu tsoho ne. Sai Allah ya haɗa maigidan da wani direba mutumin Damagaram, wanda yake ɗauko wa kamfanin ɗanyar fata daga bakin iyaka. Shi ne yakan cusa buhu guda a ƙarƙashin kaya ya kawo masa. Buhu ya fi ƙarfin tukunyata, ga kuma leburori da yawa 'yan Nijar da 'yan ƙauyukanmu waɗanda matansu suke neman abin ruwa a jallo. Sai ya zama idan an busa jiniyar tashi, maigidan ya tsaya wajen mai shayin bakin ƙofa da kwanon awo, ya ce masu gurguzu su zo su karɓa. Shi ke nan fa suna ya bi shi. Daga foman har maigadi ba mai kiransa da sunan yanka, sai Mai Gurguzu.

Farkon shekarun tamanin ne, ana mulkin farar hula, kowa bakinsa a sake. Bayan la'asar maza sukan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, mu kuma muna jinsu ta bayan katanga muna tsintar wake. A nan na fara sanin cewa sunan kayan miyata yana da wata ma'ana dabam a rediyo. Akwai wani saurayi a ɗakin da ke jikin namu, ya yi sakandare, shi ne sakataren ƙungiyar ƙwadago a kamfaninsu maigidan. Kullum maganarsa ita ce wanda ya yi gumi shi ya kamata ya mora, gwamnati ta karɓe kamfanoni daga hannun 'yan jari-hujja ta riƙe wa talaka, yadda ake yi a ƙasashen gurguzu. Alhaji mai gidan, wanda yake sayar da katako a Na'ibawa, sai ya ce gwamnatin da ta kasa riƙe famfon unguwa, ina ita ina riƙe kamfani. Ta gyara hanya, ta kawo wuta, ta cire hannunta daga kasuwa. Idan liman ya biyo ta wajen, sai ya tsaya ya ce shi ba ruwansa da wanda ya mallaki inji, amma ya ji a waɗancan ƙasashen kulle masallatai ake yi, ana koya wa yara cewa babu Allah, don haka a yi hattara. Dattijo ne ɗan gidan malamai na cikin birni. Idan ya yi magana ba a ja da shi, sai dai a jira ya wuce a ɗora daga inda aka tsaya.

Maigidan ba ya sa baki. Sakatare ne yake janyo shi da tsokana, ya ɗaga hannu ya yi masa jinjina, ya ce ga shugaban gurguzu na Challawa ya iso, a tashi a gaishe shi. Shi kuma ya yi murmushi ya ce nasa na miya ne. Na taɓa tambayarsa a cikin mutum ukun nan wa yake bi, ya ce shi abu ɗaya yake roƙo a wajen hukuma, kada ta san da zamansa a duniya. Na yi masa dariya, na ce wannan ai ba ra'ayi ba ne, tsoro ne.

Sai sojoji suka karɓi mulki. Da farko murna aka yi, har da ni, don an gaji da 'yan siyasa da tsadar kaya. Ba a daɗe ba murna ta koma ciki. A tashar bas ana sa magidanta tsallen kwaɗo don sun ƙi bin layi. Aka hana taro. Aka fara jin an ɗauke wane, ba kotu ba alƙali, iyalinsa ba su san inda yake ba. Aka rufe iyaka, kuma kullum sai an ja kunne a rediyo a kan fasa-ƙwauri. A unguwa wasu na cewa ɗaurin shekaru ne, wasu na cewa har harbi ana yi. Tabarmar ƙofar gida ta daina fita, maza suka koma gaisawa a tsaye.

Motar fata tana da iznin shigowa, don haka direban bai daina zuwa ba, buhun ma bai daina ba. Na roƙi maigidan ya bari. Ya ce kayan miya ne, ba fetur ba, ba atamfa ba, kuma matan mutane da shi suke rufa wa kansu asiri. Abin da ya yarda ya yi kawai shi ne ya daina kira a bakin ƙofa. Sai ya koma ƙullawa a takardar siminti, yana bi gida-gida a kan kekensa, ya yi sallama ƙasa-ƙasa, ya miƙa, ya wuce. A ganinmu mun yi dabara ke nan.

A shekarar aka fara rage ma'aikata, wai babu kayan aiki daga waje. Daga Bompai aka faro, abin ya biyo ta Sharada, ya isa Challawa. Ranar da aka ce za a sallami wasu a kamfaninsu, ma'aikata suka ƙi tayar da inji, suka zauna a ƙasa a haraba. Wani ya yi jifa, gilashin motar manaja ya fashe. Kafin yamma sakatare ya yi ɓatan dabo, ko katifarsa bai ɗauka ba. Juma'ar da ta biyo, liman ya yi huɗuba mai zafi a kan 'yan gurguzu masu zuga talakawa, ya ce aƙidarsu kafirci ne tsagwaronsa. Masallacin a bayan gidanmu yake, komai aka faɗa a lasifika a tsakar gidanmu yake sauka. Duk sanda ya ambaci kalmar sai matan su dube ni su ƙunshe dariya. Ni ban yi dariya ba.

Cikin makon, da hantsi, ina tsugune ina yi wa yaro wanka, aka yi sallama a zaure. Wani abokin aikin maigidan ne riƙe da kekensa, kwanon abincin da na ɗaura masa da safe yana nan a baya ba a kwance ba. Ya ce wasu mutane ne masu farin kaya suka zo a mota marar lamba, aka tara leburori, ɗayansu ya tambaya wane ne mai gurguzu a nan. Ba wanda ya nuna shi da yatsa. Kawai kowa ya waiwaya ya dube shi, yadda ake yi in an kira sunan mutum. Shi kuwa ya ajiye ƙugiyarsa ya ce ga shi. Na ce to ba wanda ya yi musu bayani? Ya ce wa zai yi, alhali kowa ya ci daga buhun da ya tsallako iyaka. Ya jingine keken ya tafi da sauri, ko ruwa bai yarda ya sha ba.

Na sha jin tsoro a rayuwata, na maciji, na naƙuda, amma wannan daban ne, don ban san takamaiman abin da nake tsoro ba. In don irin da ya shigo ta iyaka aka kama shi, to ga rabin buhu a ƙarƙashin gadona. In don wancan gurguzun ne na rediyo, to ban ma san me ake yi wa masu shi ba. Na kulle ɗaki, na janyo buhun na zauna a kai. Daga baya na dinga ɗiba a kwano, in rufe da zane, in tafi bayan gida in zuba a masai, in dawo in sake ɗiba. Matan gidan suka ɗauka gudawa nake yi, kuma ba su yi ƙarya sosai ba. Ɗan kaɗan na rage na ƙulle a bakin mayafina, ni kaina ban san me zan yi da shi ba.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Duk motar da ta rage gudu a layinmu sai in miƙe in kasa kunne. Nonona ya janye, yaron ya yi ta kuka. Matan da muke cacar baki da su kullum suka daina ko tsokanata, wannan kuwa ya fi zagin ciwo, na kuma lura sun hana 'ya'yansu shiga ɗakina. Masu sayen daddawa suka ɗauke ƙafa. Alhaji, Allah ya saka masa, ya je caji ofis ya tambaya, aka ce ba a san da maganar ba, wani ma ya ba shi shawara ya daina tambaya. Ya dawo ya tsaya a zaure ya faɗa mini ta bayan labule ƙasa-ƙasa, shi da yake faɗa wa gwamnati magana son ransa a kan tabarma.

Tun da aka kawo ni ban taɓa fita ba sai da iznin maigida. Ran nan na goya yaro, na bar yarinya a ɗaki, na tafi gidan liman. Na tsuguna a bakin zaurensa na gaishe shi. Ya amsa a sanyaye. Ya ce ya ji abin da ya faru, kuma abin da ya fi damunsa shi ne mutum ya yi shekaru yana salla a bayansa, ashe da wata aƙida a zuciyarsa. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ba faɗa na zo yi ba. Na kwance bakin mayafi na zuba a gefen buzunsa.

Ya sunkuya ya duba, ya taɓa da yatsa. "Mene ne wannan, 'yata?"

"Gurguzu ne, Allah ya gafarta Malam. Shi ne wanda mutuminku yake rabawa. Miya ake yi da shi."

Carbinsa ya tsaya cak a hannunsa. Ban ga laifinsa ba, a gidansu ba a cin batso. Ya yi istigfari a hankali, ya sake yi. Sannan ya ce yana da ɗan'uwa mai aikin gwamnati, zai yi masa magana, in koma gida in yi ta addu'a, kada kuma in nuna wa kowa abin da na nuna masa.

Sai da aka ɗauki lokaci kafin ɗan'uwan ya gano inda ake tsare da maigidan. Wani gida ne mai doguwar katanga, ba allo ba suna. Alhaji ya ɗauke mu a motarsa, shi da liman a gaba, ni a baya. A ƙofa aka sa liman ya warware rawaninsa aka duba. Na sunkuyar da kai don kada ya san na gani.

Jami'in da muka samu saurayi ne mai tsabta, Hausarsa ta birni. Ya durƙusa ya gai da liman, ya ba mu kujeru, har ya tambaye ni yara. Ladabin nan nasa ya fi komai ba ni tsoro. Ya sa aka shigo da maigidan. An aske masa kai, ya rame, yana taka ƙafa kamar ƙasa tana da zafi. Na danne kukana don kada a ce in fita. Aka zaunar da shi a ƙasa kusa da ni. Bai gaishe ni ba, bai tambayi kowa ba. Ya ɗan karkato ya ce a hankali, "Ki kwantar da hankalinki, ban faɗi sunan kowa ba."

A nan na gane, sauran kuma daga baya ya ba ni labari. Duk tsawon kwanakin nan shi a zatonsa don buhun aka kama shi. Sun tambaye shi wa yake kawo masa gurguzu daga ƙasar waje, ya ƙi faɗa, don direban yana da iyali. Sun tambaye shi waɗanne gidaje yake bi a kan keke yana rabawa, ya yi shiru, don matan mutane ne. Da suka tambaye shi ina takardun da yake rabawa, ya ce shi da kwano yake aunawa, suka ɗauka raini ne suka ƙara masa. Ganin an yi masa duk abin da aka yi bai buɗe baki ba, sai suka tabbata babba suka kama.

Liman ya zuba irin a kan tebur ya yi bayani. Jami'in ya saurara, ya dubi irin, ya dubi maigidan, sai ya fashe da dariya har yana share ido. Alhaji ma ya fara taya shi, ni kuma na ɗauka an gama. Sai dariyar ta tsaya.

"Malam, na yarda da ku," in ji shi. "Amma magana ta riga ta hau sama. An san mun kama jagoran 'yan gurguzu na Challawa. Ba zan koma in ce kayan miya muka tsare ba. In kuma kun nace iri ne, to ta iyaka ya shigo, iyaka kuwa a rufe take. Wannan ya fi ƙarfina, sai kotun soja, kuma dole ya kawo wanda ya ɗauko da waɗanda suka karɓa."

Ya tattara irin da gefen hannunsa ya tura cikin kwandon shara. Sannan ya ce akwai hanya ɗaya. Ɗan gurguzun da ya tuba a bainar jama'a ya fi wa gwamnati amfani a waje da a tsare. Idan ranar Juma'a zai tashi a masallacin liman, inda leburori suke salla, ya faɗa a lasifika cewa ya bi aƙidar nan, ya gane ɓata ce, ya dawo Musulunci, to daga nan ya wuce gida.

Liman ya ce ai mutumin nan bai taɓa fita ba balle ya dawo. Jami'in ya amsa da ladabin nan nasa, "Allah ya gafarta Malam, ku kuka ce a huɗuba kafirci ne. Mun ji, kuma mun ji daɗi." Ina kallo dattijon ya tsufa a kan kujerar.

Maigidan ya girgiza kai. Ya ce a mayar da shi ciki, shi ba zai tsaya a ɗakin Allah ya ce ya taɓa barin addini ba. Liman ya matso ya yi masa magana ƙasa-ƙasa, cewa abin da aka tilasta wa harshe Allah ba ya kama zuciya da shi. Sai maigidan ya juyo ya dube ni. Na ce masa ya faɗa. Da cewa aka yi ya ce shi ya fasa gilashin manaja, ko shi ya hana ruwan sama zuba, haka zan ce masa. Tsoro nake ji, ina son mijina ya fito da ransa, kuma har yau ban ga abin da zan sake ba.

Ranar Juma'a ban iya cin komai ba, don ban yarda za su kawo shi ba. Na zauna a bakin ƙofar ɗakina, matan gidan duk suna tsakar gida, kowacce ta sami abin da za ta riƙe a hannu. Aka yi huɗuba gajeriya, aka yi salla, sai liman ya ce kada a watse. Lasifika ta yi ƙara, sannan na ji muryar maigidan, wadda ko a ɗaki sai na matso nake ji, yau ga ta a kan unguwa gaba ɗaya. Ya faɗi abin da aka ce ya faɗa, yana tsayawa bayan kowace kalma. Liman ya karanta kalmar shahada, yana binsa. Masallaci ya ɗauki kabbara. Rabin mutanen da ke ciki sun san ainihin gurguzunsa, da yawa sun sha shi a miya, amma ba wanda ya ce uffan. Sauran rabin kuwa sun ji da kunnensu. Har matar da take cewa mushe nake dafawa ta ce mini barka, da zuciya ɗaya, ta ƙara da cewa ashe gurguzun biyu yake haɗawa, don mutum ba ya faɗin irin wannan a masallaci a banza.

Na miƙe zan ɗora masa ruwan wanka, sai na ji wata murya kusa da lasifikar. Wani tsoho ne da aka sani da bin diddigin mas'ala, ba mugu ba ne, tsakaninsa da Allah yake tambaya. "Allah ya gafarta Malam, to auren fa? Wanda ya yi ridda ai igiyar aurensa ta warware."

Lasifika ta yi ta huci ba magana. Na san abin da liman yake kallo, masu farin kaya suna nan a cikin sahu ba su tafi ba. In ya ce aure yana nan, ya ce ba a yi ridda ba ke nan, in kuwa ba a yi ridda ba, tuban na mene ne? Na ji ya yi gyaran murya. Ya ce haka ne, sai an sake ɗaurawa. Na koma na zauna a inda na tashi.

An sake shi, amma bai shigo gida ba. A zauren liman ya sauka, a bayan katangarmu, ina jin tarinsa. Nakan zuba abinci in aika masa yadda ake aika wa baƙo. Sai da aka tura garinmu neman iznin mahaifina, kuma ba yadda za a yi a faɗa wa ɗan aike gaskiya, don ba mu san wa zai gaya wa a hanya ba. Mahaifina, wanda shi kansa yakuwa yake shukawa a gefen gonarsa, ya wakilta Alhaji, ya kuma aiko a gaya mini in ba na son komawa ga mutumin da ya taɓa barin addini, ɗakin uwata yana nan. Wannan saƙon ya ƙona mini rai fiye da duk abin da jami'in ya faɗa. Kamfani kuwa sun riga sun sa wani a gurbin maigidan. Direban ya ci gaba da zuwa yana komawa, bai taɓa sanin abin da aka rufa masa ba.

Tsoron bai sake ni ba. An gaya mana za a ci gaba da sa ido, kuma kullum gani nake wani zai yi suɓutar baki a wajen mai shayi, a dawo a ɗauke shi, wannan karon har da direban da matan mutane. Don haka ni da kaina na dinga amsa barka da kyau, ina cewa Allah ne ya shirye shi.

Aka ɗaura da la'asar a ƙofar gida, mutum kaɗan, da ɗan goro. Kafin nan liman ya aiko matarsa ta tambaye ni ko na yarda, don sharaɗi ne tunda ni ba budurwa ba ce. Tsohuwar ta kasa haɗa ido da ni. Na ce ta gaya wa Malam na yarda, kuma ni ban san ranar da na daina ba.

Da aka shafa fatiha maigidan ya shigo. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinsa ya yi sallama, ya jira sai da na ce ya shigo. Ya zauna a gefen tabarma, ya miƙe ƙafafunsa da ƙyar. Matan gidan suna tsakar gida, ba mai daka ba mai shara, kowacce ta kasa kunne. Yarinyarmu ta zo ta hau cinyarsa, ta shafa kansa inda gashi ya fara tsirowa, ta tambaye shi abin da ta ji yara suna faɗa a waje.

"Baba, wai yanzu ka musulunta?"

Na yunƙura zan kwaɗe mata baki, ya tare hannuna. Ya dubi ƙofa, labulen a ɗage yake. Ya dubi 'yarsa.

"E," ya ce. "Na musulunta."